Takalmin da Na Tsinta a Hanyar Fadama

Ni ɗan malami ne. Mahaifina shi ke limanci a wani ƙauye da ke tsakanin Adabka da Nasarawa Burkullu, kuma a gabansa na yi karatu har na kai izu arba'in. Ba zan faɗi sunana ba, don ƙannena mata sun sha isasshen gori a kaina. Abin da na aikata shi nake so matasa su ji.

Ina da shekara goma sha takwas aka kai ni Gummi koyon gyaran babur. Can na fara lalacewa. Mutum zai kawo babur a canza masa baƙin mai, sai in zuƙe ɗan fetur daga tankinsa. Daga nan na koma cire sabon fulogi ina sa tsoho. Ba wanda ya taɓa kama ni, sai na ɗauka wayo gare ni. Da na dawo gida na kafa rumfata, haƙar zinare ta riga ta buɗe a wajen Anka da Bukkuyum, babura sun cika daji. Na koyi tayar da babur ba makulli. Na sace huɗu, na wargaza su na sayar da kayan.

Na biyar na Garba ne, shugaban 'yan kabu-kabun garinmu. Ya gane tankinsa a bayan rumfata. Bai kai ni ga hukuma ba. Sai ya rataya mini tankin a wuya ranar kasuwa, yara na bi suna ihu, har ƙofar gidanmu. Ya yi sallama da mahaifina, ya ce, "Liman, ga ɗanka, ga kuma sana'atai."

Mahaifina ya dube ni, ya dubi taron, ya koma ciki. Tun daga ranar bai sake shiga gaban sahu ba. Kafin damina ta zagayo ya rasu.

Ban taɓa ɗora wa kaina laifin ba, Garba na ɗora wa. In ya wuce ta gaban rumfata yana dariya da fasinja, sai in bi shi da harara har ya ɓace. Na san lokacin fitarsa, na san inda yake ajiye babur, na san sunayen 'ya'yansa. Wata rana mahaifiyata Inna ta ji ina rantsuwa sai na ga bayansa. Ta ce, "Kai kas sace babur, ba Garba ba. Ka ji tsoron Allah." Na tashi na bar mata abincinta.

Shekara biyu ina ɗauke da wannan abu a zuciya, sai yara suka fara ɓata. Na farko wani yaro ne mai kiwon awaki a wajen Tungar Guru. An tsinci gawarsa a tsohon ramin zinare, an ɗaure masa hannu da robar tayar keke. Bayan wata biyu aka sami wata yarinya ta ɓangaren Anka, ita ma haka. Iyaye suka hana yara zuwa rafi. Aka turo 'yan sanda daga Gusau, babbansu wani Insfekta Lawali, mutum mai sanyin magana da yawan kallo.

Ran wata Alhamis aka aiki Hadiza, ɗiyar maƙwabcinmu Malam Isa, ta kai masa fura gona. Shekararta bakwai. Ba ta isa gonar ba, ba ta dawo gida ba.

Washegari da hantsi aka kira ni gyaran injin ban ruwa a fadama. Na yanke ta wata 'yar hanya da ke wucewa kusa da tsohon ɗakin injin niƙan dutse, wanda aka rufe tun lokacin da gubar dalma ta kashe yara. A bakin hanyar na ga jan takalmin roba, ƙafa ɗaya. Na gane shi, don kullum da shi Hadiza ke wucewa ta gaban rumfata. Kusa da shi ga sabon sawun keke ya nufi ɗakin.

Na san abin da ya kamata in yi. Insfekta na nan cikin gari, minti goma ne a babur. Amma da na ɗauki takalmin, ba Hadiza na tuna ba, tankin nan na tuna a wuyana. Na jefa shi aljihu na juya.

Da aka shiga sallar Juma'a na lallaɓa inda Garba ya jingine babur ɗinsa, na ɓalle kujerar, na cusa takalmin da guntun robar tayar keke a ƙarƙashinta, na mayar. Bayan an sallame na sami Insfekta na ce jiya na ga Garba ya goya yarinyar ya yi daji da ita.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka tabbata? Ran mutum kake magana a kai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da idona na gani."

A gaban jama'a aka buɗe kujerar. Malam Isa na ganin takalmin ya yanke jiki ya faɗi. Kafin 'yan sanda su iya saka Garba a mota, mutane sun rufe shi da sanduna da duwatsu. Ina tsaye ina ji yana cewa, "Wallahi ban san komi ba! Ku tambayi hwasinjana!" Ba wanda ya saurara. Kafin la'asar an cinna wa gidansa wuta, matarsa ta kwashi yara ta gudu Gummi.

Ba zan ɓoye ba, ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na sayi tsire na ci na ƙoshi. Na je kabarin mahaifina na tsuguna na ce, "Baba, na rama maka."

Aka daina neman yarinyar a daji. Kwana huɗu ana tambayar Garba a gadon asibiti inda ya ɓoye ta, shi kuwa ba abin da zai faɗa. Ranar Talata wasu makiyaya suka shiga tsohon ɗakin injin don fakewa ruwan sama, suka same ta. Likita ya duba ya ce ba ta fi kwana ɗaya da rasuwa ba, alhali Garba na tsare tun Juma'a.

Insfekta Lawali da kansa ya zo rumfata. Ya ce mutum uku sun shaida cewa Garba a kasuwar Gummi ya wuni ranar Alhamis. Ya ce kuma ya duba makullin kujerar, ɓalle shi aka yi, irin ɓallewar wanda ya san babur. Sannan ya zauna a kan bencina ya ce, "Ina ka tsinci takalmin?"

Na faɗa masa komai, har sawun keken.

Ya ce, "Daga inda ka tsaya zuwa ƙofar ɗakin, taki nawa ne?"

Na ce, "Bai kai hamsin ba."

Ya ce, "To tana ciki a lokacin, da ranta. Kwana uku ta ƙara tana jiran a zo."

Sawun keken nan shi ya kai su ga mai laifin, wani ɗan koli da ke yawo ƙauyuka yana sayar da alewa da 'yan kunne, wanda duk yaran yankin suka saba da shi. Ya amsa kisan yara ukun, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ni aka ba ni shekara bakwai saboda shaidar zur da satar babura.

Abin kunya ne, amma shekarata ta farko a gidan yari har lokacin Garba nake jin haushi. Sai da Inna ta zo ziyara ta ce mini uwar Hadiza ta daina magana da kowa, kullum tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallon hanyar gona. Daga ranar na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Na koma ga karatun da na watsar, na roƙi Allah gafara, har yau kuma ina roƙo.

Da aka sake ni na sami Garba a Gummi yana sayar da fetur a kwalba, idonsa ɗaya ya mutu. Na durƙusa. Ya ce, "Ni ido ka ci mani da gida, wata rana ina iya yahe ma. Tashi ka tahi wajen Isa."

Na iske Malam Isa a gona, fartanya a hannunsa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Shekara bakwai ina wasa wuƙa saboda ranar hitowarka. Yanzu na gan ka, na ga kashe ka sauƙi ne gare ka. Ban yahe ba, kuma ba ni taɓa ka. Tahi ka rayu, ka riƙa tunawa." Ya sunkuya ya ci gaba da noma.

Ina raye, ina kuma tunawa. Ku matasa, ku guji ɗan abin da kuke ɗauka ba a gani ba, don shi ke kashe kunya. In an kama ku da laifi, ku karɓa naku ne, kada ku nemi wanda za ku huce a kansa. Ni na sami ramuwar da na nema cif, yadda na tsara ta, amma yarinyar da ba ta san ma muna gaba ba ita ta mutu saboda ita. Duk wanda ya san wani abu game da yaron da ya ɓata, ya ruga ya faɗa a wannan sa'ar, ko da faɗin zai wanke babban maƙiyinsa.