Ƙyallen da Goggo Ta Ara

Duk lokacin da na ji ƙanshin sabulun salo, gidanmu na Ba'awa nake tunawa, da wani ɗan ƙyalle da ake goge kwanukan baƙi da shi.

Mahaifiyata ce ta saƙa shi da zaren da ta kaɗa da hannunta, aka rina shi da baba ya yi shuɗi sosai. Damina na tsayawa Allah Ya karɓi abarSa. Kakata ta wajen uba ta ɗauko ƙyallen ta damƙa mini, ta koya mini wankinsa: a jiƙa shi a ruwan sanyi da ɗan gishiri, a cuɗa a hankali, a shanya a inuwar rumbu. Ruwan zafi da rana, in ji ta, su ne ke cinye launi. Haka nake yi, kuma ruwan wankin bai taɓa sauya kala ba.

Da lokacin girbi aka yi wa Goggo, ƙanwar mahaifina, haihuwa a gidanta na Dangora, ta zo aron ƙyallen don kwanukan suna. Na ƙi. Ta yi dariya ta kira ni 'yar rowa, sannan ta dafa kaina ta yi alkawarin ba zai ga ruwan zafi ba. Kakata ta sa baki, na bayar.

Ya daɗe bai dawo ba. Ran da ya dawo a ninke, shuɗinsa har ya fi na da. Na kai shi bakin rijiya, ina tsoma shi ruwan ya rine, tafin hannuna ma ya rine. Na duba saƙar, sai na ga sumul take, irin ta inji, babu ƙullin zare ko ɗaya.

Na ruga wurin kakata ina kuka, a zatona za ta aika a kira Goggo. Tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan. Masu aikin suna ne suka dafa shi da tukwane, ya koɗe. Ni na ce ta sayo wani a kasuwar Bebeji, kada ki gani ranki ya ɓaci."

Na tambayi inda nawa yake. Ta ce ba ta sani ba, wataƙila an yar.

Ka ga, ɓarnar Goggo ba ta dame ni kamar shawarar kakata ba. Ita ce ta san hannun da ya saƙa shi.

Yau ƙyallaye sun cika kasuwa, 'ya'yana na saye su yar ba tare da sun san ana jiƙa wani abu da gishiri ba. Kakata da Goggo su biyun sun riga mu gidan gaskiya, ina yi musu addu'a bayan kowace salla, na kuma yafe. Amma har yanzu ina cewa a raina, da koɗaɗɗen suka kawo mini, da hannu biyu zan karɓa.