Sule Biyu da Sisin Gwaggo

Ni mai gyaran agogo ne a Bebeji, ko in ce ragowar mai gyaran agogo, don tun da waya ta shiga aljihun kowa ba mai kawo min aiki sai tsofaffi, su ma yawanci batir ne ya mutu. Ina da tebur a bakin titi, da 'yan ƙananan sukundireba, da gilashin nan da ake maƙalawa a ido don duba cikin agogo. Abin da ba ni da shi shi ne haƙurin zama. In na yi awa guda ba aiki sai ƙafata ta fara kaɗawa da kanta, har mai shayin da ke gefena ya ce in tausaya wa bencinsa.

Wata rana da hantsi ina latse-latsen waya na faɗa kan bidiyon wani Bature, ya sa farar safar hannu yana riƙe da ƙwandala kamar ya ɗauko ƙwai. Kuɗin ƙasarsu ne, kwatan dala, irin wanda suke kashewa kullum. Turancina na firamare ne, amma na kama zancen. Wadda ta yi yawo a hannun mutane ba ta wuce abin da aka rubuta a jikinta ba. Wadda kuwa ba a taɓa kashewa ba, ba ƙwarzane ko ɗaya, akwai masana da ke duba ta su ba ta maki, iyakarsa saba'in, su rufe ta a ɗan akwatin roba. Tsakanin maki ɗaya da na gaba da shi farashi na iya ninkawa. Na kalli bidiyon sau huɗu kafin azahar.

Nan take na tuna namu kwatan nairar, sule biyu da sisi, farin nan mai hoton gyaɗa a fuska ɗaya, dawakai biyu a ɗayar. Da shi na sha sayen ƙosai a hanyar makaranta. Na bincika na ga har shi akwai masu tarawa, kuma su ma sabon da hannu bai ci ba suke nema. Ba wani kuɗin gina gida ba ne, na sani tun a lokacin. Amma abin ya riga ya shige ni. Ina son in riƙe guda ɗaya tak wanda yake yadda aka buga shi.

Na fi wata biyar ina wannan yawo a kan babur. A Kiru wani dattijo mai sayar da kayan koli ya juye min gwangwani guda a kan tabarma, duk sun suɗe, gyaɗar ta koma kamar an lashe ta. A Tudun Wada na tarar an huda wasu an sa wa ƙusar rufin kwano don kada ruwa ya bi ta. Na je har Riruwai saboda labarin wani tsohon mahaƙin kuza da aka ce yana da ajiya, na same shi yana kwance murfin rediyonsa da bakin ƙwandalar. Ya ba ni ita kyauta, yana kallona irin kallon da ake yi wa wanda ya fara taɓuwa. Matata ta ce mazan mutane na bin kuɗi, nata mijin yana bin kuɗin da suka mutu, kuma da man babur mai rai. Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa.

Ita ce kuma ta ba ni bakin zaren, ba da niyya ba. Tana tankaɗe ta ce ai in irin waɗannan ne, ta taɓa ganin Gwaggo ta kwance wani ƙulli a ɗakinta lokacin wani biki, ta kalla ta mayar.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a ɗaya daga cikin garuruwan da aka mayar da mutanenmu lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyenmu na asali. Mahaifina ya rasu ban kai yaye ba, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Duk abin da na sani game da kamanninsa daga bakinta na ji, ita ke cewa tafiyata tasa ce, da rashin zama wuri ɗaya. Da kunya nake faɗa, na fi shekara ban leƙa ta ba, ga shi ina wuce mararrabar garin a yawona. Washegari da sassafe na tayar da babur.

Ta karɓe ni kamar jiya muka rabu. Ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sana'a, ta dama min fura. Ina amsawa ƙafata na kaɗawa. Da ƙyar na bari gaisuwa ta ƙare kafin na kawo abin da ya kawo ni. Ta dube ni, sannan ta dafa bango ta shiga ɗaki. Ta fito da wani tsohon kumbo, a cikinsa ƙullin tsumma. Ta kwance shi a kan faifai, ta baje tsumman ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba.

Guda shida ne. Sun ɗan dushe, sun yi wani rawaya-rawaya na daɗewa a rufe. Na maƙala gilashina na duba. Kowane zane na ɓawon gyaɗar yana nan a tsaye. Gashin wuyan dawakan ana iya ƙirga shi. Ba ƙwarzane ko na sauro. Wata biyar ina neman ɗaya, ga shida a gidan da ya fi kowane kusa da ni.

Sai na ga tabon. A kan kowanne akwai shatin babban yatsa, layi-layi a zagaye, ya yi duhu ya kama ƙarfen. Wani da gumi a hannu ya danna su tun suna sababbi. Na ja tsaki da ƙarfi, a gabanta.

"Gwaggo, da ba don wannan tabon yatsan ba, da an gama magana. Wanda ya taɓa su ya cuce mu."

Na shiga yi mata bayanin maki da akwatin roba, ina magana da sauri kamar wanda mota za ta bari. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Da yawa yake rage musu kuɗi?"

Na ce da yawa. Ban ma san ko nawa ba ne, bakina ne ya riga ni.

Ta ƙulle tsumman a hankali, ta ce in dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in karɓa. Akwai magana ɗaya da duk bidiyon da na kalla ke farawa da ita: kada a wanke, kada a goge. Na san ta kamar sunana. Ban faɗa mata ba. Hankalina ya riga ya tafi kan tudun bakin hanya inda waya ke kamawa, ina son in duba ko masu tabon yatsa ma suna da kasuwa. Ko furar ban shanye ba.

Kwana huɗun nan ban yi aikin kirki ba. Na yar da ƙusar agogon wani liman, na yi rabin yini ina nemanta a ƙasa. Na sayi 'yan ledojin da masu kyamis ke zuba ƙwaya, guda shida. Na nemi farar safar hannu a kasuwa ban samu ba, na sayi safar ƙafa ta yara. Matata ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Juma'a ban tsaya gaisawa da kowa a bakin masallaci ba. Ina shiga gidan Gwaggo na hango faifan a tsakar gida, cikin rana, abin da ke kansa yana kashe ido. A gefe ga kaskon toka, ga ɓawon lemon tsami an matse, ga soson ƙarfe. Haka matan gidanmu suke. Ba a miƙa wa mutum kwano a dushe, sai an dirje shi ya yi ƙyalli, balle abin da aka ce za a kai gaban masana.

Na durƙusa na sa gilashi. Tabon ya tafi. Fuskar kowanne ta cika da ƙananan ƙwarzane, sun bi ta ko'ina kamar gonar da aka yi wa kaftu. Ba masanin da zai ba su ko kallo na biyu. Raina ya ɓaci har na ji kunnena ya yi zafi.

"Gwaggo, me kika yi haka?"

Ta fito tana murmushi, ba ta lura da muryata ba. Ta ce kwana uku ta yi a kansu, tabon ya yi taurin kai, sai da ta haɗa da soso. Sai a lokacin na ga yatsunta, fatar ta saɓule saboda tsami da toka. Ta zauna a bakin tabarma ta ba ni labarin da ban tambaya ba ranar farko. Shekarar da za a tashe su daga ƙauye, mahaifina ya kai gyaɗa Kano, aka biya shi da sababbin kuɗin da ba su daɗe da fitowa ba. Ya dawo a ƙafa daga inda mota ta sauke shi, ya jiƙe da gumi, ya kira ta ya ce ga tsarabarta. Hannunta da ƙullu, sai ta tara masa bakin mayafi. Yana ɗauko kowanne sai ya danna shi da babban yatsa ya nuna mata gyaɗar, ya ce tasu ce aka zana, sannan ya saki.

"Hannuna bai taɓa hawa kansu ba sai shekaranjiya," in ji ta. "Na san tabon. In na yi kewarsa nakan kwance in duba."

Na ce to me ya sa ta goge. Ban gane muryata ba da na faɗa.

"Kai ne ɗansa. Ka ce yana rage maka kuɗi."

Na tuna tsakin da na ja, da abin da na ce game da wanda ya taɓa su. Shekara arba'in da wani abu ina tambayar mutane yadda mahaifina yake, ga shi na sa gilashi na kalli zanen yatsansa sau shida, na ce ya cuce mu. Kunya ta rufe ni, da wani baƙin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba. Na kasa ɗaga kai. Ta tambaye ni ko yanzu za su yi daraja. Na ce za su yi, Gwaggo, sun yi kyau ƙwarai. Ta ji daɗi, ta sa min albarka, ta tashi ɗauko fura. Wannan karon na zauna har la'asar.

Suna nan a aljihun teburina, kowanne a ledarsa ta kyamis. Na daina yawon neman wasu. In ba aiki nakan fito da su ɗaya bayan ɗaya in sa gilashi, in juya su a hasken rana. Akwai guda ɗaya da nake ganin layi biyu a lanƙwashe kusa da ƙafar dokin dama, inda soson bai shiga sosai ba. Wata rana in ga kamar yatsa ne, wata rana in ga kamar ƙwarzane ne kawai. Sai mai shayi ya yi min magana sau biyu kafin in ji cewa an kawo agogo.