Mang Fermin da 'Yarsa Doray

Mang Fermin Abalos yana da shekara talatin da ɗaya, yana aikin walda a wani kamfanin gyaran jiragen ruwa, lokacin da faifan ƙarfe ya kuɓuce daga ƙugiya ya faɗo masa a ƙugu. Tun daga ranar bai sake tsayuwa da ƙafafunsa ba. Aka ba shi keken guragu da takardar sallama, ya koma unguwar masunta a gaɓar tekun Zambales, wurin matarsa Pilar da jaririyarsu Teodora, wadda kowa ke kira Doray.

Maƙwabta sun ɗauka tasa ta ƙare, ashe a lokacin bakinsa ya buɗe. Abokansa na ƙungiyar ƙwadago suka riƙa kawo masa ƙasidu, yana karantawa yana ja musu layi da jan biro. Kafin shekara biyar ya tara makafi da kurame da guragun garin sun kafa ƙungiya. Ba abin da ya tsana irin a kawo musu buhun shinkafa a tsaya ɗaukar hoto. Yakan ce, "Ku riƙe tausayinku, ku gyara mana ƙofa mu shiga." Akwai ranar da ya sauka daga kekensa a gaban wani ofishi, ya ja jiki ya hau matakala goma sha ɗaya ma'aikata suna kallo, wandonsa ya yage a gwiwa. Wata uku bayan nan aka yi gangaren siminti a wurin.

Bai tsaya nan ba. In aka taɓo zancen teku, sai ka nemi wurin zama. "Amurka ta ce ta zo kare mu, Sin ta ce ruwan nata ne," in ji shi, "amma masuncin da ya dawo da kwale-kwale wayam, wa ya tambaye shi? Manya na gwada ƙwanji, talaka ke kwana da yunwa."

Duk inda ya je, Doray ce a bayan keken. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take tura shi, har tafin hannunta ya yi kanta. Ta girma, ta koyi jinya, ta kai talatin da huɗu ba ta yi aure ba, shi kuwa bai taɓa tambayar dalili ba don zaman ya yi masa daɗi. A gefensa kuma, a kowane taro, Malou Sarmiento ke tsayawa tana fassara wa kurame jawabinsa da hannu. Ita kaɗai ke iya katse shi. "Mang Fermin, yatsuna sun sage. Ka bar Amurka ta huta, gobe ma tana nan."

Wata Lahadi da rana, Pilar ta dawo daga coci ta dafa miyar tsamiya da kifi. Suna cikin ci Doray ta ajiye cokali ta dubi iyayenta.

"Tatay, Nanay, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ni da Malou ba ƙawance ba ne kawai. Son juna muke, shekara shida ke nan. Da ita nake so in zauna."

Mang Fermin ya yi dariya tukuna, ya duba fuskarta, dariyar ta tsaya.

"Malou ɗin da nake kira 'yata? A cikin gidana?"

"Ita, Tatay."

"Me kike so in ce wa mutane?"

"Abin da ka saba ce musu. Ba kai ke cewa kowa a bar shi ya shiga ta ƙofar gaba yadda yake ba?"

Ya buga tebur har miya ta fantsama. "Kada ki kawo mini maganata nan! Wancan gwagwarmaya ce, wannan kuwa abin kunya ne."

Doray ba ta yi kuka ba. Ta kwashe kwanukan ta wanke, ta jera masa magungunansa na mako a kan taga, ta ɗauki jaka ɗaya ta fita.

Pilar tana jan carbinta ta juyo wajen mijinta. "Shekara shida ina gani da idona. Kai kana can kana ƙirga jiragen yaƙin mutane. Ni ma abin ya tsaya mini a wuya, Fermin, ban san me zan ce wa Ubangiji ba. Amma ni na haife ta."

Taron ƙungiya na gaba, wani maƙwabci ne ya tura shi, ya kusa kifar da shi a kwata. Malou ba ta zo ba. Ya yi jawabi rabin sa'a a kan katin naƙasassu da tsadar magani, kurame tara suna zaune a gaba suna kallon leɓensa ba su fahimci komai ba. Da aka tashi, Aling Saling, makauniya mai tausa wadda suka kafa ƙungiyar tare, ta lalubo hannun kekensa.

"Shugaba, na ji labari. Ni ce makauniya, amma tun bara na gane daga yadda suke kiran sunan juna. Kai da idanunka biyu fa?"

"Saling, ba ruwanki da gidana."

"To, ba ruwana. Sai dai ka sani ɗan ƙanwata ma haka yake, kuma shi ke raka ni asibiti. In za ka kore mu, ka faɗa da wuri."

Ya sa maƙwabcin ya tura shi gida. Kwanakin da suka biyo baya ya rage cin abinci. Yakan ɗauki ƙasida ya ajiye. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya nemi hujja a cikin duk abin da ya karanta ya rasa, amma kuma zuciyarsa ta ƙi saukowa. Ga gyambon zama da ya buɗe masa a ƙugu, Pilar ba ta da ƙarfin juya shi.

Ranar Talata ta uku bayan tafiyarta, Doray ta shigo da auduga da magani. Ta juya shi, ta wanke ciwon. Sai da ta ɗaure bandeji ta ce, "Na sami aiki a wani asibiti a Tarlac. Ƙarshen wata za mu tafi. Na yi magana da wata ma'aikaciyar jinya, za ta riƙa zuwa."

Fuskarsa na kallon bango ya ce, "Kurame ba su da mai fassara."

"Malou ma ta damu. Amma ba za ta tsaya kusa da kai kana ƙyamarta ba, Tatay."

"Ban ce ina ƙyamarta ba."

"To me ka ce?"

Ya ci gaba da kallon bangon. Ta jira shi har ruwan da ke cikin kwano ya huce, sannan ta sumbaci goshinsa ta tafi.

Yanzu shekara guda ke nan. Mang Fermin yana nan yana shugabancin ƙungiya, sai dai jawabansa sun gajarta, kuma rabin kuramen sun daina zuwa. Duk Lahadi Pilar kan kira Tarlac ta miƙa masa wayar. Yakan tambayi Doray aiki, ya ba ta labarin masuntan da aka kora daga ruwa, ya yi ta jan zancen. Wani lokaci yakan jiyo muryar Malou daga nesa tana tambaya ko a sauke shinkafa. Sau biyu yana cewa, "Ki gaida mutanen gidan." Sunan dai har yau bai fito daga bakinsa ba, Doray kuma ba ta zo Kirsimeti ba.