Kunnuwan Mato

Mato taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa: duk garinmu Dogarawa babu mai kunnuwa irin nasa. Faifai biyu ne Allah ya manna masa. Tun muna makarantar lakwal yara ke cewa in iska ta taso a riƙe Mato kada ya tashi sama. Abin yana cin ransa ƙwarai, har yau hula yake ja ya rufe su ko ana tsakiyar zafin bazara.

Sana'arsa fidda irin albasa. Yakan tsuguna a garka yana juya su ɗaya bayan ɗaya, wannan a bar ta iri, wannan a kai kasuwa. Daga nan ya ɗauka mutum ma haka ake yi masa. Da zai yi aure bai tambayi ko Kubura ta iya tuwo ba, ƴar uwarsa ya aika ta leƙo masa ƙarƙashin kallabinta. Anka kawo albishir: kunnuwa ƴan mitsi-mitsi. Anka ɗaura aure, ɗiya sunka yi ta zuwa, kowane da faifansa biyu. Kai, mun sha dariya!

Bana babban ɗansa Abdussamad, mai aikin buro, wato ofis, a Yamai, ya kawo amaryarsa Sakina gaisuwa. Ana hira a tsakar gida bayan la'asar, sai ya ce ya gani a waya wai a ƙasashen Turawa likitoci na duba ɗa tun yana ƙwai, iyaye su zaɓi wanda suke so. Hira kawai yake, amma Mato ya miƙe zumbur.

"Har kunne?"

"Baba, ni dai cuta na ji sun ce."

"Wanda ya iya cuta, kunne mi ne ne? Albasar da na adana duka zan saida, ku tafi. Jikana ba zai sha abin da na sha ba."

Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga da gaske yake. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na haɗiye maganata.

Tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Goggo, tana kan tabarma tana ɓarar wake. Ta ce, "Mato, zo nan." Ya je ya durƙusa gabanta da furfurarsa. Ta kama kunne ɗaya ta murɗe.

"Ja'iri! Ubanka ya tafi cin rani tun cikinka bai fito ba, can ya rasu. Danginsa sunka yi ta lissafin watanni a bayan idona, ko gaisuwata ba su amsawa. Kakanka bai leƙo ka ba sai ran suna, ya zo fuska a ɗaure, ya rantse ba zai yanka rago ba. Ya buɗe zane, ya ga kunnuwan ɗansa, ya zauna ƙasa yana kuka. Su ne shaiduna, ba ni da wasu. Su za ka biya Bature ya shafe?"

Sakina ta sunkuyar da kai. Mato ya daɗe a durƙushe, kunnen na hannunta, sannan ya ce a hankali, "Goggo, ba ki taɓa gaya mini ba."

"In gaya maka mi? Kai ke jin kunyarsu. Ni su sunka bar ni a gidan nan."