Katakon Madacin Surukina

A shekarun da kuɗin man fetur suka ruɗa mu, kafintan da ba shi da inji a shagonsa kallon ɗan ƙauye ake yi masa. Ni kuwa ina Sabon Garin Wudil, ga ƙuruciya ga son a sani. Shekarata biyu da aure, surukina, mahaifin matata, ya aiko mini da katakon madaci a amalanke. Mahaifinsa ne ya dasa bishiyar a Indabo, aikin hanya ya kayar da ita. Kabad yake so na ajiye littattafansa. Tun da na ga katakon gabana yake faɗuwa, don in ya lalace babu kasuwar da zan samo irinsa, kuma suruki ba wanda za ka tsaya kana yi wa bayani ba ne.

Na haɗa kabad lafiya, saura gogewa. Maimakon in ɗauki samfefa in goge da hannu yadda aka koya mini, sai na hau mota zuwa Kano sayen inji. Mai kantin da na shiga ya ajiye mini guda biyu.

"Wannan babban mai faifai juyawa yake, nan da nan zai cinye maka katako," in ji shi. "Ƙaramin nan kuwa karkarwa kawai yake yi a hankali, amma yana bin gefe da lungu. In ƙofar kabad ce, malam, ɗauki ƙaramin."

Na ɗauki babban. Gaskiyar magana, ƙararsa ce ta burge ni, so nake maƙwabta su ji.

Da hantsi na kunna shi a kan ƙofar dama. Ina zuwa kusurwa bakin faifan ya kama, injin ya fizge hannuna. Kafin in kashe ya riga ya yi kwarmi kamar an kwashe da cokali. Na zauna a ƙasa ina kallon kwarmin. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kwana uku ina bin wurin da samfefa naɗe a guntun katako. In na goge sai in shafa ruwa, don ruwa ba ya rufa wa ƙwarzane asiri. A rana ta uku tabon ya ɓace wa ido, amma yatsana na jin wurin ya lotsa. Matata ta ce, "Maigida, lafiya ba ka cin abinci?" Na ce zazzaɓi ne.

Na shafa folish, muka kai kabad zauren surukina. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Tsohon ya tashi, ya bi ƙofar hagu da tafin hannu tun daga sama har ƙasa. Ya koma ta dama. Daidai kusurwar nan hannunsa ya tsaya, ya ɗan jima a wurin.

"Madalla," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Na ce, "Amin, Baba."

Bayan mako guda ina bakin shago amalanke ya wuce ta gabana da ragowar madacin surukina, za a kai wa wani tsohon kafinta a Dagumawa ya yi masa tebur. Har surukina ya rasu bai taɓa ta da maganar ba, bai kuma sake ba ni aiki ba.