Ranar da na durƙusa wa surukina tsakiyar gasa

Ina sauka daga keke ke nan zan fara gudu, sai ga surukina tsaye bakin hanyar Safo.

Gasar nan ce mai kashi uku da aka shirya a Madarumfa: iyo a tabki, keke, sannan gudu. Karona na farko. An gaya mini zan sha ƙafa a fuska cikin ruwa, na kuwa sha. Abin da ba a gaya mini ba, in ka sauka daga keke, ƙafafu ba sa jin maganarka.

Ni kuwa ban taɓa gaida surukina a tsaye ba. Na durƙusa, cinyoyina suka ɗaure tamau, na kasa miƙewa. Ina kallo ana wuce ni.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurinka," in ji shi. "Tashi! Ɗiyata na can cikin rana tun safe tana jiran isowarka."

Da hannunsa ya ɗaga ni. Na biyun ƙarshe na zo, amma na zo.

Sabbin shiga, ku gama gaida manya tun jajibiri. Ku da kuka taɓa yi, mi ya fara kayar da ku?