Ɗigon Zabuwa a Allon Sa'adatu

A gidanmu na Kebbe, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu Hajo, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya matsa kusa da ita. 'Yar malamai ce, ita ke dafa wa gida tawada da gawayi da ƙaro. Ba ta tatsuniya da baki kaɗai. Sai ta baje toka da tafin hannu, ta ɗauki tsinke, tana faɗa tana zanawa.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta zabuwa da hankaka. Wai da can tsuntsaye duk farare ne, sai suka je wurin wani malami ya yi musu ado. Zabuwa ta natsu, ya yi ta bin gashinta da alƙalami yana barin farin ɗigo nan da can. Hankaka ya gaji da jira, ya faɗa cikin tawadar, ya fito baƙi ƙirin, ƙirjinsa kaɗai ya tsira.

"To, wa yaf fi kyau?" in ji Kaka.

"Zabuwa!"

"Kai ko Bello, hankaka kake. Na ga allonka."

Gaskiyarta, don ni rubutun gaggawa nake in tafi wasa.

Na girma na zama akawu a Tambuwal, kwamfuta ta karɓe mini komai sai sa hannu. Bana 'yata Sa'adatu ta sauke Alƙur'ani, ga shi tsohon da ke mana allon zayyana, allon adon da mai sauka ke riƙewa ranar walima, ya rasu. Abokai suka ce in bugo a takarda in manna. Sa'adatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ban son na mannawa. Gara in riƙe nau na kullum."

Na fiƙe alƙalamin kara, na zauna. Hannu ya ƙi ni, layi ya karkace, na yi ta wanke allon har na ji kunyar kaina, ga walima tana matsowa. Sai na ɗebo toka a madafa na baje, na koma bin harafi ɗaya ɗaya da tsinke. Da na dawo kan allo, ƙarar alƙalami a katako ta yi mini daɗin da na manta akwai shi. A nan na gane zabuwa ba haƙuri kawai ta yi ba, daɗin zaman ma ta ji.

Ranar walima Goggo Luba, autar Kaka Hajo, ta zo daga Kebbe a babur. Ta karɓi allon, ta kai shi kusa da ido, ta bi layukan da kallo.

"Wanga hannun Inna na. Wa yar rubuta?"

"Babana," in ji Sa'adatu, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Goggo ta share ido da gefen mayafi ta dube ni. "Ashe hankaka ya zauna."

Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura a gaban jama'a.